Alawar Danƙo Ta Ruwan 'Ya'yan Itace: Yadda Za Ki Haɗa Ta A Gida

Wace irin alawa ce wannan?

Ita ce mai taushin nan da yara ke mutuwar so, wadda ake yi da siffar ƙananan dabbobi. Wani Bajamushe, Hans Riegel, ne ya fito da ita a 1922 a kamfaninsa na Haribo da ke birnin Bon. Ta gida kuwa ba ta buƙatar komai sai ruwan 'ya'yan itace, ɗan zaƙi, da abin da zai daskarar da ita.

Me ke daskarar da ita?

Jelatin. Duk wadda ta taɓa dafa ƙafar saniya ta san shi, ko da ba ta san sunansa ba. Ki bar romon ya kwana a sanyi, da safe za ki tarar ya kame yana rawa a kwano, cokali na yanka shi. To, wannan abin ne ake tatsowa daga fata da ƙashin dabbobi, a busar, a mayar gari.

Halal ne?

A nan ne nake so ki buɗe ido. Da yawa daga jelatin da ake yi a duniya daga fatar alade yake. Ki karanta jikin kwalin da kyau: ki nemi na kifi, ko na shanu mai tambarin halal. Wanda ba a faɗi asalinsa ba, ni dai ba na kai wa yarana shi.

Akwai mafita kuma: garin agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, babu nama a cikinsa ko kaɗan. Ga mu mutanen ƙasar zafi ma yana da wata riba. Jelatin yana narkewa a wajen digiri 35, a watan Afrilu kuwa zafin Kano ko Maraɗi kan haura 40, idan aka ɗauke wuta sai ki tarar alawarki ta koma ruwa. Agar ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen 85. Sai dai gaskiya ba shi da danƙon jelatin, gutsurewa yake yi a baki.

Yaya ake haɗawa?

Ki tace ruwan lemu, kankana ko zoɓo kofi ɗaya. Ki barbaɗa jelatin babban cokali uku a kai tun yana da sanyi, ki bar shi minti biyar ya sha ruwa ya kumbura. Sannan ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har ƙwayoyin su ɓace, kada ki bari ya tafasa. Ki sa zuma ko sukari daidai bakinki, ki juye a faranti ko a abin yin ƙanƙara, ki sa a firij kamar awa biyu, ki yayyanka.

Idan agar ne, ƙaramin cokali biyu ya isa, kuma shi dole ya tafasa na minti biyu. Ki yi hanzarin juyewa, don tun bai gama hucewa ba yake kamewa.

Na yi da abarba ta ƙi daskarewa. Me ya faru?

Ba laifin hannunki ba ne. Ɗanyar abarba da gwanda da ɗanyar citta suna da sinadarin da ke narkar da furotin, shi ya sa ma wasu ke tausasa nama da ganyen gwanda. Jelatin kuwa furotin ne, sai su cinye shi. Ki tafasa ruwan abarbar tukuna, ya huce, sannan ki sa jelatin. Masu zuba citta a zoɓo su tabbata ta dahu tare da shi.

Kwana nawa take yi, kuma kowane yaro zai iya ci?

Kwana huɗu zuwa biyar a firij cikin roba mai murfi, tunda babu maganin hana lalacewa a ciki. Yaro ƙarami kuwa tana iya shaƙe shi, don haka ki yanka ƙanana, ki zaunar da shi a gabanki ya ci. Jaririn da bai cika shekara ba kada a ba shi, balle mai zuma. Da dare kuma a goge haƙora, don ko ruwan lemu zalla akwai sukari a cikinsa.