"Matata ba ta aiki, tana gida"

A Aboabo da Asawase, nan Kumasi, har gobe ana jin magidanci yana faɗin haka. Kuskure ne, kuma ya daɗe yana cutar da mata. Wadda ta tashi tun kafin asuba ta dama koko, ta ɗebo ruwa, ta shirya yara makaranta, ta yi jinyar suruka, me za a kira wannan? Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ƙayyade wa ma'aikaci awa 40 a mako. Aikin gida kuwa ba albashi, ba hutu, ranar sallah ma nauyin ƙaruwa yake. Abin da ya fi ƙona min rai, idan gajiya ta kwantar da ita da rana, sai a ce lalaci ne.