Halin Malami da Salon Koyarwarsa

Halin malami ya ƙunshi ɗabi'un da yake shiga aji da su, kamar haƙuri ko saurin fushi, sakin fuska ko ɗaure ta, adalci ko fifita wasu yara. Salon koyarwa kuwa shi ne hanyar da yake bi ya isar da darasi. Tasirinsu ya fi bayyana a abu guda: ko ɗalibi zai iya buɗe baki ya ce bai gane ba.

A makarantun firamare na Bauchi da Gombe, malami ya rubuta a allo, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi, shi ne salon da aka fi sabawa da shi. Yana da amfani wajen hadda, abin da makarantun allo suka daɗe da ƙwarewa a kai, sai dai yana ɓoye yaron da aka bari a baya. In malami ya ce "Kun gane?" aji duka zai amsa "E, Malam!" Inda bulala da tsawa suka yi yawa, ba mai ƙarfin halin cewa a'a, kuma abin takaici ne a ga yaro mai basira ya ɗauki sunan daƙiƙi saboda tsoro kawai. Masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi gargaɗin cewa tsananta wa mai koyo na jawo masa kasala, ya koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye.

Zaton da malami ke yi wa yaro ma yana aiki. A binciken da Rosenthal da Jacobson suka wallafa a Amurka a 1968, an gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice, alhali kara-zube aka zaɓo su. Yaran, musamman na ƙananan azuzuwa, sun fi saura ci gaba, ko da yake binciken da aka yi daga baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zato ba. Wata mai binciken ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, kuma ta gano malamai kan jira amsa kusan daƙiƙa 1 kacal. In suka kai 3, amsoshi na ƙara tsawo, masu shiru ma su sa baki.

Kwalejojin ilimi na Azare, Kangere, Gombe da Billiri suna tura masu karatun NCE (takardar shaidar malanta) gwajin koyarwa a makarantu, inda ake duba yadda suke riƙe aji. Amma cunkoson ɗalibai da jinkirin albashi kan rage haƙurin malamin kirki ma.