Waiwaye: Ɗan Talaka da Makarantar Boko a Katsina

Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce. Hasumiyar Gobarau na nan tsaye, sunayen Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani suna bakin kowa, kuma daga ƙasar nan Muhammad al-Katsinawi ya fita har ya shahara a fannin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A wancan tsari na makarantar allo da zaure, ba a tambayar yaro ɗan waye kafin ya zauna gaban malam. Kuɗin laraba ne, sai sadakar sauka. Malam yana da gonarsa, unguwa tana ciyar da almajiri, zakka tana toshe sauran ɓaraka. Akwai wahala a ciki, amma ɗan manomi na iya zama alaramma, sarki ma ya russuna masa.

Boko ya zo da wani tsari daban. Bayan Turawa sun ci ƙasar nan a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, suka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Su kuwa 'yan mishan su ne suka baza makarantu a Kudu. A nan sai nauyin ya faɗa kan gwamnati da baitulmalin En'e (hukumar mulkin gargajiya ta masarauta), kuma buƙatar Bature ba ta da yawa: akawu, malamin haraji, malamin asibiti, sai wanda zai koyar da su. Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam da Isa Kaita suka fito. Muna alfahari da wannan, kuma alfaharin yana kan hanya. Sai dai kwalejin ta Arewa ce baki ɗaya, ɗalibai ƙalilan take ɗauka kowace shekara, kuma a 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin da ta bari shi ne gidan tarihi a yau. An ɗora jinka ne tun ba a gama ginin ɗaki ba: ga kwaleji a birni, ga ƙauyuka birjik babu ko elementare.

Su wa suka shiga? Galibi 'ya'yan sarakuna da hakimai da alƙalai da ma'aikatan En'e. Dattawa kan ba da labarin yadda wasu masu sarauta, don ƙyamar boko, suka ɓoye 'ya'yansu suka miƙa 'ya'yan barorinsu, har waɗannan suka zama manyan gobe. Shi kuma talaka da ya guje wa makaranta, ban ga dalilin da za a yi ta zaginsa da jahilci ba. Dogarin da ya zo karɓar haraji da jangali, ya zo ɗibar mutane aikin tilas, shi ne ya dawo yana cewa a ba shi yaro. Wane uba ne zai saki jiki? Ta fuskar mata, Katsina na cikin na farko: a 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a nan da Kano, Sarki Muhammadu Dikko ya tsaya mata tsayin daka. Amma ita ma ta birni ce, ta gidajen manya.

Wanda ya samu shiga a lokacin, an riƙe shi da kyau. Makarantar kwana ce, abinci da tufafi da littafi duk na hukuma. Marigayi Muhammadu Buhari, wanda mahaifinsa ya rasu tun yana ƙaramin yaro, ta wannan hanya ya bi daga Daura da Mai'aduwa zuwa Midil ta Katsina, ya gama sakandaren lardi a 1961. Ƙofar ce ƙarama. Gwamnatin Sardauna ta yi ƙoƙarin faɗaɗa ta da Yaƙi da Jahilci da ƙarin makarantu, Isa Kaita yana ministan ilimi, amma tazarar ta riga ta yi nisa.

Babban juyin ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da UPE, wato firamare kyauta ga kowa. A nan ya kamata mai waiwaye ya daɗe, domin a nan ɗan talaka ya samu shiga, a nan kuma aka fara cutarsa. Yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka yaye malamai cikin gaggawa, wasu ma da kyar suka fi ɗalibansu sani. Duk da haka ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka ga makaranta, kuma da yawa daga cikin ma'aikatanmu na yau 'yan UPE ne. Da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya, sai albashin malaman firamare ya riƙa yin watanni bai zo ba, rufi ya yaye, benci ya karye ba a maye shi ba. Sannu a hankali ma'aikaci da ɗan kasuwa suka janye 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Wannan janyewa, a ganina, ta fi komai illa. Muddin ɗan sakataren ilimi yana aji ɗaya da ɗan mai faskare, akwai wanda zai ɗaga murya in malam bai zo ba. Da masu murya suka fita, firamaren gwamnati ta zama ta waɗanda ba su da zaɓi.

An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya. A 1999 aka ƙaddamar da UBE, wato shirin ilimin farko na bai-ɗaya, a Sakkwato, dokar 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka. Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon malamin makaranta, ya gina azuzuwa ya gyara wasu a zamanin gwamnansa, ya kuma kafa jami'ar jiha a 2006. Ga Al-Ƙalam, ga ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga ta sufuri a Daura. Manyan makarantu sun wadata. Amma kyautar da doka ta ambata ba ta haɗa da yunifom da takalmi da littafin rubutu da kuɗin PTA ba, ba ta kuma biya uwa ribar tallan da 'yarta za ta bari, ko uba aikin gonar da ɗansa zai bari da damina. Magidanci mai 'ya'ya takwas yana yin wannan lissafi, kuma yana ganin ɗan maƙwabcinsa da ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba.

Akwai wani abu da ba mu cika son faɗa ba. Katsina na cikin jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda ake ware wa kashi 20 cikin ɗari na gurbin shiga jami'o'in tarayya. An yi haka ne don adalci tsakanin jihohi, kuma ina goyon bayansa. To amma wa ke cin moriyar gurbin? Wanda ya kai ga rubuta JAMB. Yaron da ya yi makarantar kuɗi a GRA, ya yi lesin da yamma, shi ke shiga da sunan koma-bayan Katsina. Yaron ƙauyen Safana ko Baure, wanda da shi aka auna koma-bayan, tun daga aji huɗu ya zube. Ana auna tazara tsakanin Katsina da Anambra, ba a auna wadda ke tsakanin unguwa da unguwa a cikin Katsina.

Almajiri kuwa ya rasa nan ya rasa can. Tsarin da ya ciyar da shi a da ya rushe, boko bai karɓe shi ba. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani daga 2012, da yawansu suka lalace saboda ba a jawo alarammomi a jika ba, jihohi kuma ba su ɗauki nauyin ciyarwa ba. A 2020, lokacin korona, gwamnoni suka yi ta lodin yara a motoci ana mayar da kowa jiharsa. Sai a 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. 'Yan mata sun ɗan fi samun kulawa: shirin UNICEF da gwamnatin Ingila ya yi aiki a jihar nan tun 2004, har da ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE su koma koyarwa a garuruwansu, sannan AGILE, shirin Bankin Duniya na tallafa wa karatun 'yan mata, ya zo a 2020. Dabarar horar da malama 'yar gari ta burge ni ƙwarai, domin uba ya fi sakin 'yarsa in ya san wadda za ta koyar da ita.

Ana cikin haka matsalar tsaro ta shigo. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Makarantar kwana ta gwamnati ita ce tsanin da ya rage wa yaro mai ƙoƙari daga ƙauye, ita aka taɓa. Aka rufe makarantu, aka mayar da wasu jeka-ka-dawo. A Jibiya da Batsari da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa, ƙauyuka sun watse, wasu azuzuwan sun zama masaukin 'yan gudun hijira, malamin da aka tura can yana neman hanyar da za a dawo da shi gari, kuma ba mai ganin laifinsa. Mai hali ya kai ɗansa birnin Katsina ko Kano. Marar hali ya ajiye nasa a gida, ko ya haɗa shi da malami zuwa gabas, 'yar kuma a yi mata aure.