Ma'anar belositi: gudu mai alƙibla

Ɗalibai da yawa sun ɗauka belositi wani suna ne kawai da masana fiziks suka laƙaba wa gudu. A nan maki ke zubewa a jarrabawa, kuma abin yana damuna, domin bambancin bai wuce kalma ɗaya ba: alƙibla.

In ka ce mota tana cin kilomita 72 a awa, gudunta kaɗai ka faɗa. Sai ka ƙara da cewa gabas ta nufa, sannan ka faɗi belositinta. Wata motar in ta yi yamma da irin wannan gudu, gudunsu ɗaya amma belositinsu ya bambanta. Shi ya sa in aka ba gabas alamar tarawa, sai a ba yamma alamar ɗebewa. Wannan alama ba ta nufin motar ta rage gudu, inda ta dosa kawai take nunawa.

Wajen lissafi ma hanya ta rabu. Gudu shi ne tsawon hanyar da aka bi, a raba da lokaci. Belositi kuwa ba ruwansa da kwane-kwanen hanya. Gusawa yake dubawa, wato miƙaƙƙiyar tazara daga inda aka tashi zuwa inda aka tsaya, ita ake rabawa da lokaci.

Ɗauki ɗan tsere da ya zagaye fili mai mita 400 cikin daƙiƙa 80, ya dawo daidai kan layin da ya tashi. Ga shi nan yana haki, gumi ya jiƙa rigarsa. Matsakaicin gudunsa mita 5 ne a daƙiƙa. Matsakaicin belositinsa fa? Sifili! Ya sha gudu, amma bai gusa ko taku ɗaya daga mafarinsa ba.

Ma'aunin belositi mita ne a daƙiƙa, m/s. In an ba ka kilomita a awa, raba da 3.6; kilomita 72 ɗin nan sai ta koma 20 m/s.

Abin da ya fi burge ni shi ne mota a shataletale. Allurar maleji tana tsaye cak wuri ɗaya, amma belositi na canjawa a kowane ƙiftawar ido, tunda hancin motar yana ta juyawa. Shi ya sa fasinja ke jin jikinsa na karkata gefe: jikin yana son miƙewa, motar tana lanƙwasa. Duk canjin belositi, na gudu ne ko na alƙibla, akselareshan ake kiransa, kuma ba ya faruwa sai wani ƙarfi ya tura abu ko ya ja shi.