Ba Yawan Feda Ke Gyara Sautin Gita Ba

An daɗe ana ɗauka cewa in sautin gitar lantarki bai gamsar ba, sai a ƙara feda, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa, ko a murɗa maɓallin kaushin amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, har ƙarshe. Ba haka abin yake ba. Kaushi in ya yi yawa matse sauti yake yi, bugu mai ƙarfi da mai sanyi su zama ɗaya, tsirkiyoyi shidan su cakuɗe kamar ƙudan zuma a tulu. In kuma ka rage sautin tsakiya, inda muryar gita take, ganga da bas, wato gita mai kaurin murya, su haɗiye ka.

Rage kaushin zuwa rabi, ka kaɗa daf da gada, wato inda tsirkiyoyi suke hawa a jikin gitar, za ka ji sautin siriri mai kaifi. Matsa wajen wuyan gitar kuwa, sai ya yi kauri, alhali ko feda ɗaya ba ka taka ba.