Mangwaro, Gwaiba, Lemo da Gwanda a Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar ruwa ya sauka sai ka ga masu sayar da dashe sun jera ledoji a bakin titi, jama'a na ta saye. Da yawa daga cikin waɗannan bishiyoyi ba sa ganin damina ta biyu, kuma galibi ba laifin ƙasa ba ne. Abin da aka yi ranar dashe da yadda aka bi da su a ranin farko shi ke kashe su ko ya raya su. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Tambaya: Gidana ba shi da fili sosai. Wace bishiya ce za ta dace?

Amsa: Ka auna filin da girman bishiyar bayan shekara goma, ba da girmanta a leda ba. Mangwaro yana son tazarar mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, kuma kada ya kusanci bango, rijiya ko ramin masai da ƙasa da mita 5 ko 6, domin saiwarsa tana bin danshi har ta fasa siminti. Lemo da gwaiba da rumman mita 3 daga gini ya ishe su. Gwanda ita ce ta ƙaramin gida: mita 2 ya wadatar, kuma kafin shekara ta zagayo an fara cin 'ya'yanta. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka haƙa. Wurin kuma ya kasance yana samun rana aƙalla awa shida. Bishiyar da aka dasa a inuwar darbejiya tsawo kawai za ta yi.

Tambaya: Mene ne bambancin dashe mai aure da wanda aka shuka daga ƙwallo?

Amsa: Mai aure bishiya biyu ce aka haɗa. Gindin na ƙwallo ne mai juriya, kan kuma reshe ne da aka yanko daga bishiyar da aka san daɗin 'ya'yanta. Mangwaro mai aure yakan fara haihuwa a shekara ta 3 ko ta 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai shekara 6 zuwa 8, wani ma ya wuce, kuma ba lallai ya gaji uwarsa ba. Lemon zaƙi na iri ma haka yake, ga ƙaya ga jinkiri.

Wajen saye, ka duba jikin dashen kamar santimita 15 zuwa 20 daga bakin leda. In mai aure ne za ka ga tabon haɗin, ɗan kumburi ko karkata, wani lokaci da sauran ledar da aka ɗaure shi da ita. In ba ka ga tabo ba, kada daɗin bakin mai sayarwa ya ruɗe ka. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta: dashen da saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasa aka fizgo shi, ko wadda ta nannaɗe kamar gammo, ya daɗe a ledar, zai wahala. Ƙarami mai lafiya, tsawon gwiwa zuwa cinya, ya fi dogo kamawa da wuri. Wanda ke kusa da Bagauda a jihar Kano ko Dadin Kowa a jihar Gombe zai iya tuntuɓar tashoshin cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, kan iri. Mai son dabino kuwa ya nemi ɗan gindi da aka cire daga macen da aka sani, domin ƙwallon dabino kusan rabinsa maza yake fitowa.

Tambaya: Yaushe ake dasawa, kuma yaya ake yi?

Amsa: Idan damina ta zauna, ƙasa ta sha ruwa sosai. A yankin Kaduna da Jos wannan yakan kama daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a Kano da Katsina da Sakkwato ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a Maraɗi da Damagaram sai Yuli. Kada ka bari sai Satumba, dashen ba zai kafa saiwa ba hunturu zai riske shi.

Ramin a haƙa shi mako biyu kafin ranar: santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi. Ƙasar sama mai duhu a aje ta gefe guda, ta ƙasa a wani gefen. In an ci karo da marmara a fasa ta da diga, in ba haka ba ramin ya zama tukunya, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka cika ramin da ruwa, in ka dawo washegari warhaka ka tarar da saura, wurin ba ya tsotsewa, sai a tara ƙasa a yi ɗan tudu a dasa a kai.

A gauraya ƙasar sama da kwanon sarki ɗaya ko biyu na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya zafi in ka cusa hannu. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A mayar da wannan haɗin cikin ramin. Da yamma ake dashe. A tsaga ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar jikin saiwar ta warwatse ba.

Ga kuskuren da ya fi kowanne yawa: zurfafawa. Mutum yana ganin gata ya yi wa bishiya in ya binne ta har wuya. Iyakar inda ƙasa take a cikin leda, nan za ta tsaya a rami, tabon aure kuma ya kasance a sarari, sama da ƙasa da aƙalla faɗin tafin hannu. In aka binne shi, ɓawon ya ruɓe, bishiyar ta yi ta rama har ta mutu ba a san dalili ba. A danna ƙasar da ƙafa a hankali, a yi mata kwarin riƙe ruwa a kewaye, a zuba bokiti guda, a kafa sanda a ɗaure da tsumma sako-sako. In akwai akuya a gidan, a kewaye da ƙaya ko waya a ranar, ba gobe ba.

Tambaya: Ruwa nawa take buƙata da rani?

Amsa: Daga Oktoba zuwa Mayu rayuwar dashen tana hannunka. A shekara biyun farko, jarka ɗaya mai lita 20 zuwa 25 sau biyu a mako da hunturu, sau uku a mako da bazara, daga Maris zuwa Mayu. A ƙasar jigawa mai yashi a ƙara yawan kwanakin da ake ba da ruwa a mako, a ƙasa mai laka a rage. Yayyafa kofi biyu kullum ba ban-ruwa ba ne. Saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taso sama tana nemansa, ranar da aka yi fashi rana ta ƙone ta. A ba da mai yawa lokaci guda ya nutse.

Abu biyu suna rage wahalar ɗibar ruwa. Na farko, a rufe kewayen gindin da busasshiyar ciyawa, ganye ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar. Na biyu, a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba, kamu ɗaya daga gindin, bakinsa kawai a waje, a riƙa cika shi ana rufewa. Ruwan yana tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take.

Ruwan alwala da na wanke hatsi da kayan miya duk suna da kyau. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa gishirinsa yana taruwa a ƙasa, gefen ganye ya riƙa ƙonewa, lemo ya fi kowa jin jiki.

Tambaya: Me ake yi wa gara?

Amsa: Gara ta fi afka wa dashen da ƙishi ya riga ya raunana, don haka ban-ruwa kan kari shi ne rabin maganin. A kwashe guntayen itace da kara daga cikin ramin tun farko. A riƙa duba gindin duk mako, in an ga ta fara gina hanyarta ta ƙasa a jikin bishiyar a kankare. Dakakken ƙwallon darbejiya da aka gauraya da ƙasar kewaye yana taimakawa, haka ma 'yar toka, amma kada a mayar da gindin juji: toka mai yawa tana sa sabon ganyen lemo ya yi ɗorawa jijiyoyinsa su rage kore. In akwai suri a kusa, sai an tone shi an fitar da uwar.

Tambaya: Takin zamani fa?

Amsa: Ba a sa shi ranar dashe. A jira mako 6 zuwa 8, sai an ga sabon toho. A shekarar farko gwangwanin madara ɗaya na NPK 15-15-15 ya isa, a raba shi biyu, rabi a lokacin, rabi kafin ruwa ya ɗauke. Duk shekara a ƙara gwangwani ɗaya ko biyu gwargwadon girmanta. Ba a gindin ake zubawa ba: a ja da'ira daidai inda inuwar ganyen ta ƙare da tsakar rana, a barbaɗa, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. Takin gargajiya kuwa kowace farkon damina a ƙara.

Tambaya: Mangwarona ya yi ganye luf-luf amma ba ya haihuwa, ko ya yi fure ya zubar. Me ya jawo?

Amsa: Da farko a tabbatar ba gindin ne ya ƙwace ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure na gindi ne, ya fi ƙarfi, in aka bar shi sai ya kashe kan, ka wayi gari da mangwaron ƙwallo. A cire shi da hannu tun yana ɗanye.

Sai kuma gata da ya yi yawa. Babban mangwaro yana buƙatar ya ji ƙishi bayan damina kafin sanyin hunturu ya sa shi fure. Wanda ke gefen rariya yana shan ruwa kullum, ko aka cika masa takin yuriya, ganye zai yi ta yi. Bishiyar da ta kai haihuwa a ɗauke mata ruwa daga Oktoba, a dawo da shi bayan 'ya'yan sun ƙulla sun kai girman gujiya. Wannan bai shafi sabon dashe ba. Shi furen da ya yi a shekara biyun farko ma tsinke shi ake yi don ya gina jiki.

Zubar fure kuwa yawancinsa ɗabi'a ce, cikin ɗaruruwan furanni ɗaya ko biyu ne ke zama ɗa. Wasu irin kuma bana su cika, baɗi su huta.

Tambaya: Gwaiba da mangwaro suna nuna da tsutsa a ciki. Daga ina take shiga?

Amsa: Wani ƙaramin ƙuda ne mai ratsin ɗorawa yake huda fatar ya saka ƙwai. Tsutsar ta ci cikin, ɗan ya faɗo, ta shige ƙasa, bayan kamar kwana goma ta fito sabon ƙuda. Feshi ba ya kai wa ga wadda ke ciki. A riƙa tsince duk wanda ya faɗo kowace safiya, a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana mako guda, ko a binne a ramin da ya wuce santimita 50. Gwaiba tun tana girman ƙwan zabo a sa mata jakar takarda a ɗaure bakin. Tarkon da ake sayarwa mai sinadarin metil yujinol maza kaɗai yake kamawa, ba ya wadatarwa shi kaɗai, kuma ya fi aiki in maƙwabta ma suna tsince nasu.

Tambaya: Gwandata tana fure amma ba ta 'ya'ya.

Amsa: Wataƙila namiji ne. Furensa ƙanana ne masu yawa a kan dogayen silla da ke reto, na mace kuwa babba ne guda, manne da jikin bishiyar. Ba a gane su sai sun yi fure, shi ya sa ake dasa uku a rami ɗaya, in sun nuna kansu a bar mace a sare sauran. Namiji ɗaya ya ishi mata goma. Gwanda ba ta jure kwanciyar ruwa, kwana ɗaya ko biyu a cikin taɓo lokacin marka ya isa ya kashe ta, don haka a kan tudu ake dasa ta.

Tambaya: Gindin lemona yana fitar da danƙo, akwai kuma kauci a rassan.

Amsa: Danƙon ciwon ɓawo ne da danshi ke kawowa. A janye ƙasa da ciyawa daga gindin ya sha iska, a daina zuba ruwa a jikinsa, a kankare wurin da ya ruɓe da wuƙa mai tsabta har a kai ga lafiyayyen ɓawo, a shafa maganin fangas mai sinadarin tagulla. Kauci kuwa tsinke ganyensa ba ya kashe shi, saiwarsa tana cikin reshen. A yanke reshen da zarto kamar santimita 30 ƙasa da inda ya kama, kafin ya yi 'ya'yan da tsuntsaye za su kai wa sauran bishiyoyin.