Tsofaffin gidajen cikin birnin Kano: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Aikina zanen gini da bin takardun izini, kuma wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya, a waya a tambaye ni, wajen ɗaurin aure a ja ni gefe. To ga su nan, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Gidana ne, sai na nemi izini kafin in rushe in sake gini?

Eh. Ka kai zanenka KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, su sa hannu.

Ai tun kakannin kakanni muke ciki, babu ko takarda.

Na sani, ba ku kaɗai ba ne a cikin gari. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, amma ta bar wa wanda ya riga ya yi gini haƙƙinsa, don haka kwantar da hankalinka, rashin satifiket ba ya nufin gidan ya tashi daga naku. Sai dai mallaka daban, izinin gini daban, ku daina haɗa su.

Duk gidan ƙasa da ya tsufa ya zama kayan tarihi ke nan?

A'a. Sai wanda aka ayyana. Ganuwa da ƙofofinta da Gidan Makama suna ciki, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da su bisa dokar 1979, wanda ya rusa ko ya sauya musu fasali akwai tara ko ɗauri. Gidan kakarka na Yakasai bai shiga ba don kawai rufin azara ne.

An ce UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ce ta hana taɓa cikin birni?

Wa ya ce? Ganuwar Kano tun 2007 tana jerin masu jiran a duba su, ba a sa ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO ba. Tsohon garin Agadas ne aka sa a 2013.

Gidan gado ne a bakin titi, ina so in fasa soro in yi shaguna, ko ma in tada filaza. Ya halatta?

To nan ne maganar take da tsawo, kuma duk wanda ya ce maka eh ko a'a bai ga gidan ba, kar ka saurare shi. Da farko an raba gadon? Don na sha ganin an zuba dakin na kankare an gama sai ga wata gwaggo daga Fagge da sammaci, aiki ya tsaya bulo yana shan ruwan damina. In an raba, sai a duba takarda in akwai, galibi an rubuta gidan zama ne, mai da shi wurin kasuwanci kuwa sauya amfani ne, shi ma da nasa izinin ko da ba ka ɗora bulo ɗaya ba. Ƙaramin shago a jikin soro, ana sai da omo da magi, gaskiya cikin gari cike yake da su kuma yawanci ba a tanka musu, amma rashin tankawa ba izini ba ne, ranar da aka zo faɗaɗa titi ko aka shafa jan fenti za ka gane bambancin. Filaza kuwa wata magana ce. Za a tambaye ka tazarar da ka bari daga titi, ina motoci za su tsaya, ina ruwa zai bi, kuma filotan cikin birni ba a yanka su da ma'auni ba, wani gidan in ka cire tazarar abin da ya rage bai fi ɗaki biyu ba. Sannan katanga. Gidaje da yawa katanga ɗaya suka haɗa da maƙwabci, ka rushe taka ɗakin matarsa ya buɗe. Bene kuma tagarsa na leƙa tsakar gidan mutane, ko hukuma ta yarda maƙwabta za su kai ka gaban mai unguwa, kuma da gaskiyarsu. Wataƙila a ba ka, wataƙila a ce rage hawa ɗaya, wataƙila a hana, ya danganta da titin da kuma kusancinku da ganuwa ko wata ƙofa. Ni dai shawarata ka kai zane a duba kafin ka sayi siminti ko buhu ɗaya, kuɗin zane bai kai na rusau ciwo ba.

An yi min tayin fili a jikin badala, wato ganuwa, da araha.

Kar ka saya. Arahar ba ta ba ka tsoro ba? A 2023 shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula katafila ta bi ta kansu, alhali masu su na cewa suna da takardu. Kai da takardar dillali za ka tare ta?

Ba rushewa zan yi ba, siminti kawai zan shafa wa ginin ƙasar.

Ba wanda zai kama ka, amma haba. Siminti ba ya kama ƙasa, danshi yake riƙewa a ciki, tubali ya jiƙe kai ba ka sani ba, wata rana sai filastar ta ɓanɓaro da rabin katangar. Nemo maginin gargajiya ya yi maka yaɓe, ya sa makuba in da hali, kuma don Allah a gyara indararo kafin ruwan farko.